Gwaggo Mai Totur a Tsakiya

Aubrey Tranter bai taɓa mallakar babbar mota ba, amma duk yankin Clun, a ƙauyukan Ingila, ba wanda zai sayi tsohuwar mota bai biyo ya ɗauke shi ba. Wai shi ne gwani. Gwanin da ake kaiwa wajen ciniki cikin 'yar jar motar matarsa mai warin jiƙaƙƙen kare. To, haka dai.

Direban bas ne, shekara talatin da 'yan kai yana kai mutane kasuwar Ludlow yana dawo da su, har ya yi ritaya. Gajere, ga tumbi, ga kunnuwa fato-fato kamar faifai. In ka gan shi a layin sayen kifi da soyayyen dankali, ba za ka ce akwai wani abu a kansa da ya wuce gishiri da ruwan tsami ba. Alhali mutumin nan rabin ransa ba a duniyarmu yake ba.

Ciwon son mota ya kama shi tun yana sabon direba. Wata safiya yana hawan tudu, bas na nishi kamar saniya mai naƙuda, fasinjoji na gyangyaɗi, sai wata doguwar mota ruwan toka ta zo ta gefensa. Ba ƙara, ba hayaƙi. Shuu kawai, kamar an ja zanen siliki a kan tebur. Hancinta ya wuce, ya yi ta wucewa, kafin ma a ga mai tuƙin. Ta hau tudun kamar gangara take yi, ta shige cikin itatuwa. Da ya tambaya aka ce masa ta kafin yaƙin duniya na biyu ce, silinda takwas a jere. Shi ke nan, an gama da shi. Tun daga ranar, in ya lumshe ido wannan shuu ɗin yake ji.

Ya karanta duk wata mujallar mota da ta faɗo hannunsa. Ba gwanjon da ya wuce shi. Sai ya zama in ka zauna kusa da shi a gidan shayi ka shiga uku, don sai ka sha darasi ko ba ka tambaya ba.

"Ka je da sassafe, kada ka faɗa masa lokacin zuwanka. Kafin ka gaishe shi ma, sa hannu a jikin inji. In ka ji ɗumi, ya riga ya tashe ta ne don kada ka ji tarin da take yi da safe. Juya ka kama hanya."

Ko kuma: "Buɗe ƙofa ka ɗaga ta sama. Waɗannan motocin fatarsu alminiyam ce, amma ƙashinsu katako ne. In ƙofa ta yi lilo, katako ya ruɓe, kuma gyaran katako ya fi gyaran inji cin mutum. Fenti kuwa ƙarya ne, kowa zai iya shafawa."

Hayaƙi ma yana da nasa karatun. Shuɗi, tana shan baƙin mai. Fari mai kauri da ba ya yankewa, ruwa ya shiga inda bai kamata ba. Daga ƙarshe sai ya ɗaga ɗan yatsa ya ce, "Kuma kada ka so ta sai ka gama duba ta."

Mutane da yawa sun sayi motoci masu kyau a bakinsa. Shi kuwa ko ɗaya. Kuɗin na nan, tun da aka sayar da gidan mahaifiyarsa ya ajiye su bai taɓa ba, amma duk motar da ya gani sai ya samo mata aibu. Matarsa Glenys, wadda ta ƙare ƙuruciyarta a gidan burodi kuma bakinta ya fi tanderun zafi, takan ce, "Kai ko akwatin gawa aka kawo maka sai ka ɗaga murfin ka ce katakon ya ruɓe."

Sai idanu suka fara. Da farko fitilun titi ne suka yi gashi. Daga baya gefe-gefen komai ya fara narkewa, kamar an ɗiga madara a ruwa. Likitan ido bai yi masa kwana-kwana ba. Ya ce in sanyi ya wuce ya dawo a sake gwaji, kuma yadda abin ke tafiya, ya shirya rabuwa da lasin tuƙi.

A hanyar gida Glenys ce ke tuƙi. Da suka wuce gada, Aubrey ya ce, "Ban taɓa tuƙa tawa ba."

"Taka wa?"

"Mai silinda takwas."

Ta harare shi, ta sake hararar hanya. "To ka samo ta mana, tsohon banza. Sanyi ɗaya ya rage maka, kana nan kana ɗaga ƙofofin mutane."

A kasuwar tumaki ya ji labarin. Wata Bronwen Probert, mai kiwo a can saman kwari, tana da wata tsohuwar mota a rumfar ciyawa, ta mahaifinta, kuma tana so ta rabu da ita. Ba su aika mata ba. Gari na wayewa suka kama hanya, ciyawa duk ta yi fari da ƙanƙara, hayaƙin gidaje na tashi a miƙe.

Bronwen mace ce ƙatuwa, ta haura hamsin, da takalmin roba har gwiwa da bokitin dusa a hannu. Ta dube su sama da ƙasa.

"Kai ne Tranter ɗin da ake faɗa? Na zaci za ka fi haka tsawo."

"Kowa haka yake zato, har ni da na aure shi," in ji Glenys.

Bronwen ta ja ƙofar rumfa. Haske ya shiga a hankali, ƙura na yawo a cikinsa. Ga ta nan, an lulluɓe hancinta da bargon doki. Launinta kore ne mai duhu, ya koɗe ya koma kamar gansakuka. Fitilunta biyu kowace ta kai kwanon wanki. Kaza ta yi ƙwai a kujerar baya.

"Gwaggo ke nan," in ji Bronwen. "Haka muke kiranta tun muna yara."

Aubrey ya cire safar hannu, ya janye bargo, ya ɗaga murfin inji ta gefe. Dogon inji ne mai silinda takwas, fulogi jere reras, biyu ga kowace silinda, kafireto biyu kamar tagwaye. Ya sa tafin hannu a jiki.

Ɗumi.

Fuskarsa ta faɗi kamar an zare mata ƙusa. Ya rufe murfin a hankali, ya fara mayar da safar hannu. "Glenys, mu tafi."

"Mu tafi ina? Ko karyawa ban yi ba na tuƙo ka!"

"An tashe ta kafin mu zo."

Bronwen ta ajiye bokiti, ta kwashe da dariya har da dafa bango. "Baba, wa ya san za ka zo? Ni boka ce? Durƙusa ka leƙa ƙasa, in gwiwarka za ta yarda."

Ya durƙusa da ƙyar. A ƙarƙashin inji ga wata 'yar fitilar kananzir, faffaɗa, an rufe harshenta da raga, tana ci shiru abinta.

"Babana ne ya koya mini," in ji ta. "Da ƙanƙara ta fara sauka sai a kunna wa Gwaggo fitilarta, kada ruwa ya daskare ya tsaga mata inji. Ya ce mu yara mu ji sanyi ba komai, mu za mu warke."

Aubrey ya san wannan dabarar, ya sha karanta ta, bai dai taɓa ganin mai yi ba. Amma taurin kai ya hana shi sauka. "Duk da haka, ni sai na ji ta a sanyi."

"Ikon Allah. To." Ta sunkuya ta hure fitilar, ta wangale ƙofofin rumfa biyu. "Ku zo ku sha shayi, ta huce don kanta. Inna, yaya kike zaune da shi?"

"Ba na ji sosai ta kunnen hagu, 'yar nan. Nan nake ajiye shi," in ji Glenys.

A kicin, ga burodi da cuku da shayi mai kauri, Bronwen ta ba su tarihi. An ƙera Gwaggo a 1934, kamfanin ma bai kai ƙarshen yaƙi ba ya mutu. Wani mai masaƙa ne ya fara sayenta. Bayan yaƙi, da fetur ya yi wuya, ba mai son mota mai ƙaton inji lita huɗu da rabi mai zuƙar mai, sai mahaifinta ya same ta a arha ya mai da ita motar gona. Ta ja tirelar ciyawa, ta ɗauki raguna a kujerar fata, ta kai amare coci, wani lokacin duk a mako guda.

"Wasu sun zo daga birni," in ji ta. "Ɗaya ya ce zai cire jikin ya sa mata na tsere. Ɗaya kuma wai zai ajiye ta a ɗaki mai na'urar ɗumi, ba mai taɓawa. Na ce su gai da gida."

Aubrey na jin su sama-sama. Idonsa na kan taga, inda rumfar ta zama wani baƙin abu mai laushi a cikin farin safiya.

Da suka koma, inji ya yi sanyi kamar dutsen rafi. Sai ya shiga aikinsa. Ya ɗaga ƙofofi huɗu ɗaya bayan ɗaya, ta baya ta hagu ce kawai ta ɗan motsa. Ya tsokani katakon ƙasa da wuƙar aljihu, ya ji tauri. Ya zaro ma'aunin baƙin mai ya shinshina, ya murza a yatsa. Ya buɗe lagireto ya leƙa, ko da yake Allah kaɗai ya san abin da ya gani. Sannan ya kwashe ƙwan kazar ya miƙa wa Glenys, ya hau.

Sitiyarin ya kusa kai na bas faɗi. Ya ja ɗan ƙarfen da ke tsakiyarsa don ya jinkirta wutar fulogi, ya danna maɓalli. Gwaggo ta yi tari sau ɗaya, ta yi shiru. Ya sake dannawa.

Sai ta kama.

Ba ƙara ba ce. Wani numfashi ne mai zurfi, sumul, da ka fi jinsa a ƙirji fiye da kunne. Ɗan farin tururi ya fita ta salansa ya ɓace. Aubrey ya lumshe ido, leɓensa na motsi kamar mai addu'a.

"Glenys," ya ce a hankali, "allurar mai, ina ta tsaya?"

Ta leƙo. Agogon na gabansa, bai fi tsawon hannu ba. Ta dube shi, ta dubi agogon. "Ta wuce tsakiya kaɗan."

"Madalla."

Bronwen ta hau gefensa, Glenys ta shiga baya da ƙwai a cinya. "Mu bi hanyar gona zuwa ƙofar makiyaya mu juyo," in ji Bronwen. "Amma Baba, ka san ƙafafunta ko?"

"Kuloci a hagu, totur a tsakiya, birki a dama. Yarinya, tun ba ki san hagunki ba na san wannan. Mutum nawa na ja wa kunne a kai?"

"Ni dai na faɗa."

Gaskiya ne, ya sani. Motoci da yawa na wancan zamanin haka aka yi su, kafin duniya ta daidaita a kan birki a tsakiya. Kansa ya sani sarai. Ƙafarsa ce ba wanda ya gaya wa, ƙafar da ta yi rabin rayuwarta tana samun birki a tsakiya ko cikin barci.

Suka fita. Giyar irin ta da ce, wadda sai ka taka kuloci sau biyu ka daidaita da kunne, in ka kuskure ta yi maka ihu. Irin ta tsofaffin bas. Ya sa ta biyu, ko ƙis. Bronwen ta ɗaga gira. Hanyar ta miƙe tsakanin shinge biyu, rana ta fara taɓa ƙanƙara, komai na ƙyalli yana narkewa cikin juna. Hancin Gwaggo na can gaba yana raba hasken. Aubrey ya ji kamar ba taya a ƙarƙashinsa, kamar ruwa ne ya ɗauke su.

"Ƙofa," in ji Bronwen.

Bai ga komai ba sai fari da toka-toka.

"Baba, ƙofa!"

Sai ga ta, katako ruwan toka, ta fito daga cikin hasken dab da su. Ƙafarsa ta yi abin da ta saba. Ta tafi tsakiya, ta taka da ƙarfi.

Gwaggo ta ɗaga hanci kamar an tashe ta daga barcin shekara hamsin. Tan biyu na ƙarfe da katako. Ƙofar ta yi tsalle gefe, sakata ta tashi sama, gilashin fitila ɗaya ya watse. Glenys ta kurma ihu, ta kira sunan Aubrey da na uwarsa da na kakarsa.

Suka faɗa makiyaya. Fili ne shimfiɗeɗɗe, ya gangara a hankali har bakin rafi, ba itace, ba dutse, tumakin duk suna can saman tudu. Ya ɗaga ƙafa daga totur. Ya kamata ya nemi birki. Ya san inda yake yanzu, a dama, ga shi nan.

Bai taka ba.

Ya taka kuloci, ya saki, ya ɗan ba ta wuta, ya sake takawa, ya sa ta uku. Ta shiga kamar cokali a man shanu. Sai ga shi, daga ƙarƙashin dogon hancin nan, shuu. Shi ɗin dai, zanen siliki a kan tebur. Ciyawa mai ƙanƙara na rugugi a hankali ƙarƙashin taya, iska na shiga ta gefen gilashi tana sa idonsa hawaye. Duniya duk ta zama fari da kore da zinariya, ba gefe, ba iyaka, kuma a karon farko tun da ciwon idon ya fara bai damu da ya ga gefen ba. Ya yi wani babban da'ira. Wasu tsuntsaye suka tashi a gabansa, ya ji fukafukansu bai gan su ba. Bronwen ta buɗe baki za ta yi magana, ta dubi fuskarsa, ta rufe.

A kusa da rafi ya taka birki, na dama, a hankali, suka tsaya. Ya kashe inji. Ba abin da ake ji sai ƙarfe na ƙis-ƙis yana hucewa, da ruwa na gudu.

"Ƙwai ya fashe a siket ɗina," in ji Glenys. "Ka ji ko? Gwani. Mai ja wa mutane kunne."

"Kowa sai ya yi sau ɗaya," in ji Bronwen. "Babana bangon coci ya samu. Ƙafa ce, za ta koya."

Aubrey ya girgiza kai. Hannunsa na kan sitiyari har yanzu. "Ƙafa za ta koya. Amma ban ga ƙofar ba, 'yar nan. Sai da kika faɗa sau biyu." "Yau ƙofa ce. A titi wataƙila yaro ne a kan keke. Ba sai na jira likita ba. Na gode, na ji ta. Ki samar mata mai ido."

Glenys ta miƙo hannu daga baya ta gyara masa wuyan kwat.

Bronwen ta sauka, ta zagaya ta duba fitilar da ta fashe, ta shuri taya. Ta tsaya ta riƙe ƙugu tana kallon filin, da layin da tayoyi suka zana a kan ƙanƙara.

"Baba, wannan filin na wa ne?"

"Naki mana."

"To wane ɗan sanda ne zai shigo gonata ya tambaye ka lasin? Saye ta. Ta zauna a rumfarta, inda ta saba. Ranar da za ka zo in kora tumaki sama in rufe. Ka yi ta zagaye har ka gaji, ba abin da za ka kaɗe sai tudun ɓera." Ta nuna shi da yatsa. "Amma ƙofata kai za ka gyara. Kuma ƙofar baya ta hagu tana lilo, na ga ka gani, kada ka ce za ka rage mini ko sisi a kai."

Ya buɗe baki. Ta fuskarsa ka san aibu yake nema, don ya saba. Glenys ta dunguri ƙeyarsa.

"In ka ce katako, a rafin nan zan bar ka."

Abin da suka yi ciniki a kai ba ruwan kowa. Da sanyi ya wuce bai ma bari an kira shi ba, da kansa ya mayar da lasin. Yanzu ko alamar bas ba ya iya karantawa, sai ya tambayi na kusa. Mutane sun rage zuwa ɗaukarsa duba mota, ko da yake har yanzu in aka tashi inji a gabansa zai gaya maka wace silinda ce ke ƙwauron aiki.

Amma duk ranar da ba ruwan sama, za ka ga 'yar jar mota ta hau kwari. In ka leƙa ta saman shinge, akwai wata hanya da ta fito a cikin ciyawa, zagayayya, ba ta zuwa ko'ina. Gwaggo na bin ta a hankali da ido ɗaya. Glenys na baya ta hakimce, bargo a gwiwa, kofi a hannu, kamar matar mai masaƙa.

"Direba, ina muka nufa yau?"

"Bakin teku, ranki ya daɗe."

"To ka bi kwanar nan a hankali, shayina zai zube."